Tsohuwar Jaridar Makaranta Da Almakashin Kwamiti

Tsofaffin ɗaliban ajinmu, waɗanda suka gama sakandare a Paraku a tsakiyar shekarun 1980, suna shirin taron sada zumunci, sun kuma naɗa kwamiti domin ya buga ɗan littafin tunawa da za a raba wa kowa. Abin da za a zuba cikin littafin shi ne jaridar da ɗaliban makarantar suka riƙa fitarwa a zamaninmu. Wani ɗan ajinmu mazaunin Jugu ne ya adana ta cikin adakar mahaifiyarsa, ƙarƙashin zannuwa, shi ya sa gara ba ta kai gare ta ba. Kwamiti ya ce kuɗi ba za su isa a buga duka ba. Ya ƙara da cewa ai shafukan farko ma ba su da sauran amfani, siyasa ce wadda ta wuce, gara a yanke su a bar labarin ƙwallo da waƙoƙi da zane-zanen ban dariya. An aiko mini da kwafi in duba in ba da shawara, shawarata kuwa ta saɓa da tasu. Kafin in faɗi dalili sai na bayyana irin jaridar, gama yawancin masu karanta wannan littafi a Nijeriya da Nijar suke, ba su san zamanin da ta fito ba.

Jarida dai suna ne muka ba ta don girmamawa. Takardu ne 'yan kaɗan, an buga su da tafireta a kan sitansil, aka juya a injin hannu na ofishin makaranta, aka ɗinke gefe guda da waya. Inda mai bugu ya danna harafi da ƙarfi sai ya huda sitansil, tawada ta cika ramin, har ka ga shafi kamar an yayyafa masa gero. Ba ta da ranar fitowa tsayayya. In an sami takarda ta fito, in ba a samu ba a jira. Da Faransanci aka rubuta ta tun daga bango har bango.

Zamanin kuwa na juyin juya hali ne. Ran 26 ga Oktoba 1972 Manjo Matiyu Kereku ya karɓi mulkin Dahome da ƙarfin soja. Ran 30 ga Nuwamba 1974 ya ce ƙasa ta rungumi aƙidar gurguzu ta Markis da Lenin, bayan shekara guda daidai aka sake mata suna, ta zama Jamhuriyar Jama'ar Benin. A 1975 aka kafa tsarin ilimi da aka kira Sabuwar Makaranta. Gwamnati ta karɓe makarantun mishan. Aka ce kowace makaranta ta zama wurin samar da amfani, wato ta yi gona ko kiwo ko wata sana'a, ta ɗauki wani kashi na nauyin kanta. Kalmar girmamawa ta zama guda ɗaya, kamarad, da ita ɗalibi zai kira malaminsa, da ita malami zai kira shugaban ƙasa. Wasiƙar ofis da jawabi ba su cika ba sai an rufe su da taken nan mai cewa a shirye muke domin juyin juya hali, gwagwarmaya tana ci gaba. Jaridar gwamnati, Ehuzu, ita ce madubin da kowane mai alƙalami yake duba fuskarsa.

To, shafin farko na jaridarmu ɗan Ehuzu ne na cikinta. Idan aka auna shi da ma'aunin rubutu, kwamiti bai yi ƙarya ba, shafin ba shi da rai. Sharhin edita yakan fara da la'antar mulkin mallaka da 'yan barandansa, ya bi ta kan sarakunan gargajiya da masu tsafi, ya tuna da ran 16 ga Janairu 1977 da sojojin haya na Bob Denard suka sauka a filin jirgin saman Kwatano aka kore su, sa'an nan ya gargaɗi ɗalibai su yi hattara da maƙiyan da ke ɓoye a cikinsu. Editoci sun sauya, gama kowace shekara wani aji yake fita, amma muryar ba ta sauya ba. Na jera sharhi huɗu na mutum huɗu, na rufe sunayensu da hannu, ban iya rarrabe wa ya rubuta wanne ba, alhali kuwa na san su duka, na san wanda yake da in'ina da wanda yake da saurin fushi. Yaro mai shekara goma sha bakwai yana rubuta jimla mai layi shida a kan tattalin arzikin duniya, ba ko tuntuɓe, ba kuwa kalma guda da ta fito daga abin da idonsa ya gani.

Wannan santsi shi ya fi ba ni tsoro. Kuskuren nahawu yana ko'ina cikin sauran shafuka, amma a shafin farko babu, domin jimlolin ba a nan aka ƙera su ba, ɗauko su aka yi ɗungum. Abin da yaran suka koya a wurin shi ne yadda mutum zai buɗe baki ya yi magana mai tsawo ba tare da ya ce kome ba, ya kuma san cewa mai saurarensa ma ya san haka. Wanda ya yi aiki a ofis a ƙasashenmu ya san wannan fasaha ba ta mutu tare da gurguzu ba. Kalmomin ne kawai aka sauya. Inda dā ake cewa juyin juya hali, daga baya aka koma cewa dimokuraɗiyya da ci gaba mai ɗorewa, ginin jimlar yana nan yadda yake.

Da an juya zuwa shafi na uku sai iska ta shigo. A nan ake ba da rahoton gonar makaranta, kuma a nan jaridar ta fi faɗin gaskiya, watakila don ba wanda ya zaci akwai haɗari cikin lissafin doya da masara da auduga. Sakataren ƙungiyar gama-kai yakan fara da yabon kishin ɗalibai, kamar yadda aka saba, daga nan sai ya shiga ainihin magana: fartanya nawa aka raba, nawa suka dawo, awakin unguwa sun shiga gyaɗa, ajin da aka ba ban ruwa ranar Asabar bai zo ba. Wani rahoto ya nemi a bayyana wa ɗalibai inda kuɗin audugar bara suka shiga, cikin ladabi ƙwarai, kamar mai tambayar hanya. Ba a amsa ba a fitowa ta gaba, ba a kuma sake tambaya ba. Mai son ya san yadda Sabuwar Makaranta ta kasance a ƙasa, ba a bakin masu jawabi ba, wannan shafi ya ishe shi. Manufar ba banza ba ce, a faɗi gaskiya. Yaran birni da yawa a nan suka fara riƙe fartanya, kuma tunanin cewa ɗan boko bai fi ƙarfin noma ba tunani ne mai kyau. Sai dai rahoton ya nuna cewa 'ya'yan manoma ne suke yin aikin, 'ya'yan ma'aikata suna rubuta sunayen waɗanda suka zo.

Labarin ƙwallo ba zan daɗe a kansa ba. Yana da daɗi, yana da son kai, alƙalin wasa kullum shi ne mai laifi in an ci mu. Waƙoƙin ma haka. Yawancinsu kwaikwayon mawaƙan da ake koyarwa a aji ne, irin su David Diop, kowa yana kuka a kan Uwa Afirka da sarƙoƙin bauta. Na nemi waƙa guda a kan uwa ta ainihi, wadda take tashi da asuba ta soya ƙosai a bakin tasha don a biya kuɗin littafi, ban samu ba. Ba wai yaran ba su ƙaunar iyayensu ba ne. Ba wanda ya gaya musu cewa abin da ke ƙofar gidansu ya isa a sa shi cikin waƙa.

Akwai mutum guda da ya gane haka da kansa, rubutunsa kuwa shi ne abu mafi daraja cikin tarin duka. Yaro ne daga Jugu, garin da taswira ke rubutawa Djougou, kimanin kilomita 135 yamma da Paraku. Da hutu ya zauna da kakansa ya rubuta abin da tsohon ya ji daga nasa uban game da fataucin Gwanja. Mai karatu na Kano ko Katsina zai so ya san cewa labarinsa ne ake bayarwa a nan. Tun kafin Turawa, ayarin fatake yakan taso daga ƙasar Hausa da jakuna ɗauke da kanwa da baƙaƙen tufafi da jan fata, ya ƙetare Kwara, ya ratsa ƙasar Bargu ta Nikki da Paraku, ya yada zango a Jugu, sa'an nan ya nufi Salaga inda ake sayen goron da ya fito daga dazuzzukan Asante. Tafiya ce ta watanni. Jugu gari biyu ne a haɗe: Kilir, inda fadar sarki take, da Wangara, unguwar 'yan kasuwa Musulmi inda harshen Dendi ya zama harshen ciniki. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa fatake, iyakokin Faransa da Ingila da Jamus suka yanyanka hanyar, goro ya koma bin jirgin ruwa zuwa Ikko, daga nan ya hau jirgin ƙasa da ya isa Kano a 1911. Hanyar ta mutu, amma zuriyar masu binta suna nan a unguwannin Zango na garuruwan nan.

Yaron bai san yawancin waɗannan shekaru ba, bai kuwa bukace su ba. Abin da yake da shi ya fi su. Ya bayyana yadda mai masauki yake fita bayan gari ya tari ayari, yadda ake kwance huhun goro a zango a tsince ruɓaɓɓe a yayyafa ruwa a sake naɗewa da ganye, yadda mata suke sayar wa baƙi abinci har wasu baƙin suka ƙi komawa gida. Jimlolinsa gajeru ne, wasu a karkace, domin yana jawo Faransanci ne zuwa inda bai taɓa zuwa ba. Da ya zo kan shugabannin ayari sai harshen makaranta ya ƙare masa. Ya rubuta madugu, ya rubuta jagaba, ya rubuta uban dawaki, haka nan da Hausa, ya ja musu layi a ƙasa, ya ɗan yi bayani kamar mai neman gafara. Waɗannan kalmomi uku su ne Hausar da ke cikin jaridar duka. Na daɗe ina kallonsu.

Sa'an nan sai sakin layi na ƙarshe. Nan take murya ta sauya, jimla ta miƙe ta yi santsi, aka ce wannan duka yana nuna yadda sarakuna da 'yan kasuwa suka tsotse jinin talakawa kafin hasken juyin juya hali ya ɓullo. Ko yaron ne ya ƙara don rubutunsa ya wuce, ko wani babba ne ya ƙara masa, ɗinkin a fili yake, kamar facin farin ƙyalle a kan riga mai shuni. Kwamiti yana so ya buga wannan labari, haka ya kamata, amma yana so ya cire facin. Ni kuwa ina ganin in an cire shi an rage wa yaron daraja. Wanda ya ga kuɗin fiton da ya biya kafin kakansa ya shiga jarida, shi zai san nauyin abin da ya yi.

Maganar harshe tana bukatar a ɗan tsaya. Dokar 1975 ta yi alkawarin shigar da harsunan ƙasa cikin koyarwa sannu a hankali, a shekarar kuma aka tsara musu haruffa. A farfajiyar makarantarmu ana jin Bargance da Dendi da Fulatanci da Yarabanci da harshen Fon da Hausa, amma ba ɗayansu da ya sami ko rabin shafi. Mu 'yan Zango ma sunan wurin dabam ne a bakinmu: lakwal muke zuwa da safe, makaranta kuwa ta allo ce. Iyayenmu ba jahilan rubutu ba ne. Suna aika wasiƙa da ajami, suna sauraron Kaduna da Landan, wani lokaci direbobin manyan motoci su kawo musu Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya tun 1939. A kan wannan hanya ta goro Alhaji Umaru, haifaffen Kano wanda ya rasu a Kete Karachi a 1934, ya yi rubuce-rubucensa da Hausa da Larabci. Duk da haka ba uban da ya iya karanta abin da ɗansa ya rubuta a jaridar lakwal. Addini ma haka. Ka karanta ta duka ba za ka san ana azumi a Paraku ba, ba za ka san ana Kirsimeti ba, alhali da mai zuwa masallaci da mai zuwa sujada a benci guda suke zaune.

Shiru mafi girma shi ne na 1985. A watan Mayu na shekarar ɗaliban jami'a da na sakandare suka yi yajin karatu, aka harbe wani ɗan makaranta a Kwatano, aka rufe makarantu na wani lokaci. Kame ya biyo baya, na ɗalibai da malamai da ma'aikata da ake zargi da alaƙa da haramtacciyar jam'iyyar kwaminis ta Dahome. Da yawa daga cikinsu nan Paraku aka kawo su, barikin soja na Sero Kpera, aka yi musu tambayoyi da azaba, daga nan aka wuce da su kurkukun Segbana can kusa da iyakar Nijeriya. Ƙungiyar Amnesty International ta rubuta wannan tun a lokacin. Wato a cikin garin da ake juya jaridarmu abin yake faruwa. Fitowar da ta biyo baya ta yi maganar tsabtar ɗakunan kwana, da gasar gudu, da wajibcin ɗalibi ya guji masu ruɗi. Ban zargi yaran ba ko kaɗan. Baki shi ke yanka wuya, sun kuwa san haka, iyayensu ma sun ja musu kunne. Amma shirun ba a jinsa sai an ajiye shi kusa da surutun shafin farko. In aka yanke shafin farko, abin da zai rage shi ne wata makaranta mai ƙwallo da waƙa da doya, a wata ƙasa da ba kome yake faruwa. Jikokinmu za su karanta su ce ashe zamanin kakanni lafiya lau ne. Ba kalmar ƙarya ko guda cikin littafin, amma littafin zai zama ƙarya.

Na san abin da ke zuciyar kwamiti, ba kuɗin takarda ba ne kaɗai. Waɗanda suka sa hannu a sharhin nan yau dattawa ne, akwai alhaji, akwai dattijon ikkilisiya, akwai wanda ya yi babban muƙami ya huta, akwai kuma waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Ba mai so ɗansa ya ga sunansa a ƙarƙashin kiran a tona asirin maƙiyan da ke cikin aji. Wannan kunya ce ta mutanen kirki, ban raina ta ba. Ƙasar ma kanta hanyar rufin asiri ta bi. Bayan yajin aikin 1989, da aka yi watanni ba albashi har shekarar karatu ta tafi a banza, gwamnati ta ajiye gurguzu a watan Disamba. Taron ƙasa ya zauna a Kwatano daga 19 zuwa 28 ga Fabrairu 1990 a ƙarƙashin Bishop Isidore de Souza, Kereku ya amince da abin da aka yanke, Ehuzu ta koma La Nation. A 1991 Nisefor Soglo ya ci zaɓe, aka ba Kereku kariya daga tuhuma, a 1996 kuma jama'a suka sake zaɓensa da ƙuri'arsu. Wannan sulhu ya hana zubar da jini, ba wanda zai ce bai yi amfani ba. Amma yafewa dabam, shafewa dabam. Wanda bai san abin da aka yi ba, me zai yafe?

Mu da muke karanta Littafi Mai Tsarki muna da misali a hannu. Bishara huɗu ba su taru a kan kowane labari ba, amma duka huɗun sun ba da labarin daren da Bitrus ya yi musun Ubangijinsa don tsoro. An rubuta su a lokacin da sunan Bitrus yake da girma cikin ikkilisiya, magabata ma sun ce daga bakinsa Markus ya ji abin da ya rubuta. Da akwai almakashi a hannun masu rubutun, nan ne za su fara sa shi. Sun bar labarin, ba kuwa wanda ya raina Bitrus saboda haka. 'Yan'uwana Musulmi, waɗanda su ne mafi yawa a ajinmu, suna da kalmar da ta dace da wannan, wato amana. Takardar da ta kwana shekara arba'in cikin adaka amana ce a hannun wanda ya buɗe ta.

Abin da na rubuta wa kwamiti ke nan. A ɗauki hoton kowane shafi yadda yake, da ɗigon tawadarsa da kuskurensa, kada a sake bugawa da kwamfuta, gama mai sake bugu ba ya rasa gyara. In kuɗi sun gaza, a rage yawan kwafi, ko a rage naman walima. A ƙara 'yan shafuka a baya inda duk mai so zai faɗi abin da bai iya faɗa ba a lokacin, da harshen da ya ga dama. 'Yan matan ajinmu, waɗanda sunansu bai cika fitowa ba sai a jerin masu buga tafireta, su ya kamata a fara tambaya. Labarin fataucin Gwanja kuwa a juya shi zuwa Dendi da Hausa, a karanta shi da ƙarfi a wurin taron, a kuma aika da shi Jugu ga dangin mai shi. Game da sunayen da ke ƙarƙashin sharhi, a tambayi kowane mai rai, wanda ya rasu a tambayi iyalinsa. Wanda ya ce a bar sunansa a bari. Wanda ya ƙi, a rufe sunan da baƙin layi mai kauri, a bar layin a fili yadda mai karatu zai ga an rufe wani abu a wurin.